Yaran Ƙanƙara da Shekarar Zafi

Shekara ashirin da shida ke nan da muka kai yayana Haruna makwancinsa a nan Makka, kuma ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni ɗan kasuwa ne, ciniki na iya, ba alƙalami ba. Abin da ya tunzura ni bana shi ne wani jikana da ya ja ni falo kwanan baya yana cewa, "Ya jaddi, zo ka ga abin mamaki." A talabijin ne. Wasu samari na wata ƙasa mai sanyi suna sulɓi a kan fili na ƙanƙara zalla, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasa, suna bin wani ɗan abu baƙi. Na zauna na kalla har aka tashi. Yaron ya ɗauka baƙon abu ne ya riƙe ni. Bai san sanda da ƙanƙara su ne rabin ƙuruciyata ba, sai dai mu ba taka ta muke yi ba, a kafaɗa muke ɗaukar ta.

Mu 'yan hanya ne. Iyayenmu sun taso daga ƙasar Kano da niyyar hajji, a ƙafa, suna tafiya suna yada zango su nemi guzuri. A ƙasar Chadi aka haifi Yaya, ni kuma a gonakin auduga na Sudan. Kafin mu sami jirgin ruwan da zai haye da mu, mun daɗe a Bur Sudan, Yaya yana dako a tashar jiragen ruwa. A can ya ga ma'aikatan jirgi Indiyawa suna buga ƙwallon gora da yamma. Ya yi ta tsayawa yana ɗauko musu ƙwallo, har ranar da mutum ɗaya ya gaza musu suka miƙa masa sanda. Tun daga ranar wasan bai fita daga ransa ba.

Da muka iso Makka muka sauka a bukkokin da ke bayan Tandabawi, wajen da yanzu ake kira Mansur. Babu titi a lokacin, sai rumfunan kwano da tsumma da duwatsu. Mahaifinmu bai daɗe ba ya rasu, maganar komawa gida ta mutu tare da shi. Ni na kama sana'ar ƙanƙara. Ina sarowa daga injin da ke yin ta, in naɗe ta cikin buhu da garin katako, in ɗora wa jaki, in raba wa masu gahawa da masu sharbat. Da ciniki ya buɗe na ɗauki yara masu dako, Yaya ya zama mai kula da su. Shi ne babba, amma da bakinsa yake cewa kansa ba na kasuwa ba ne. "Sani," in ji shi, "kai ka san abin da mutum zai saya. Ni kuwa na san lokacin da yaro ya gaji."

Yaran unguwarmu iri biyu ne a wancan zamani. Akwai haifaffun Makka, jikokin alhazan da suka zo tun da daɗewa, masu gidajen dutse a Tandabawi, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, Hausa kuwa sai in kaka ta kira. Akwai kuma 'ya'yan 'yan hanya irinmu, waɗanda ke isowa gab da hajji, su yi 'yan watanni bayansa kafin iyayensu su haɗa na jirgi su juya. Kaka ɗaya, addini ɗaya, amma ba sa ga maciji da juna. Na gida suna yi wa baƙi dariyar kaushin ƙafa, baƙin suna ce musu Larabawan ƙarya. Kusan kullum sai an fasa wa wani kai da dutse.

Bayan an gama yaƙin duniya na biyu, hanya ta sake buɗewa baƙi suka yi yawa, faɗan ma ya yi yawa. Wata rana Yaya ya yanko rassan dabino, ya zaɓi gindin reshen inda yake da kauri da lanƙwasa, ya feƙe su. Ya naɗe ƙwallon goriba da tsumma ya ɗaure da igiya. Ya kwashi yaran ya kai su wani fili mai tsakuwa a gindin dutse, ya sa aka share. Doka ɗaya ya kafa, kuma bai taɓa sassauta ta ba: duk ƙungiyar da za ta fita fili, rabi na gida rabi 'yan hanya. Wanda bai yarda ba ya ajiye sanda. Mutanen unguwa suka raɗa musu suna Yaran Ƙanƙara, don yawancinsu dakon ƙanƙarata suke yi.

Lokacin wasan ma Yaya ya yanke shi. A watannin hajji babu mai sararin wasa, kowane yaro yana Mina yana dako ko jan alhazai. Don haka sai an sauko an huta ake farawa, a buga cikin Muharram da Safar bayan sallar la'asar, a gama kafin jiragen ruwa su kwashe baƙi.

Ba da daɗewa ba wasu unguwanni suka kwaikwaya. 'Ya'yan Bukharawa suka yi tasu, 'ya'yan mutanen tsibirin Jawa suka yi tasu, sai kuma 'ya'yan Indiyawa masu kantuna a Misfala, waɗanda iyayensu suka aiko musu da sanduna na gaske daga ƙasarsu. Shekarar farko babu wanda bai doke mu ba. 'Yan Misfala sun zura mana har muka daina ƙirga, domin na gida ba ya ba baƙo ƙwallo ko da shi kaɗai ne a gaban mai tsaron gida. Shekara ta biyu muka yi kunnen doki da Bukharawa, muka yi murna kamar an yi mana haihuwa. A ta uku muka fara cin wasa. Daga nan sai da muka jera shekaru babu mai doke mu sai 'yan Misfala, su ma sai sun yi da gaske, har wata shekara muka doke su gida da waje. Abin da mutane ba su lura ba shi ne, kowace shekara rabin ƙungiyar sabuwa ce. Wanda ya ƙware ya hau jirgi, Yaya ya sake kama hannun wani daga farko. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Sai abu ya fara juyewa. Muna ci a farkon wasa, a rama a cinye mu a ƙarshe. Shekara ɗaya muka ce rashin sa'a ne. Ta biyu muka ce sababbin yaran ba su kai na baya ba. Ni ne na fara gane inda matsalar take, kuma ba a fili na gano ta ba, a kasuwa na gano. Ƙanƙarar da nake sayarwa a Muharram ta ninka ta da.

Kowa a Makka ya san hajji yana zagaya shekara, yana matsowa kaɗan-kaɗan daga sanyi zuwa zafi. Amma sani daban, jin abu a jiki daban. Mu cikin sanyi muka zo muka tarar da hajji, muka girma muna ganin Muharram wata ne na mayafi. Yaya ya ɗaure wasansa a jikin wata, watan kuwa ya yi ta tafiya da shi a hankali har ya shigar da shi tsakiyar zafi. 'Ya'yan masu kantuna suna wuni a inuwa su fito da ƙarfinsu. Namu kuwa tun safe suna hawa da sauka da buhun ƙanƙara, su zo fili da la'asar duwatsu na fitar da wuta.

A shekarar da nake son ba da labarinta muna da wani yaro Ɗanjuma, ɗan hanya da iyayensa suka biyo ta Abeche. Siriri ne, ba ya magana da yawa, amma ban taɓa ganin mai hannu irin nasa ba. Mai tsaron gidanmu kuma Saleh ne, haifaffen Tandabawi, wanda ranar farko ya ce ba zai buga da mai warin raƙumi ba, kafin wata ya ƙare kuma ya zama shi ke raba gurasarsa biyu da Ɗanjuma. A wasanmu na biyu na shekarar, ana tsaka da gudu, Ɗanjuma ya yanke jiki ya faɗi. Idonsa ya juye. Muka ɗauke shi a guje zuwa rumfata, muka fasa ƙanƙara muka jera masa a wuya da hammata. Sai gab da magariba ya gane mutane.

Washegari Umda, wato mai unguwarmu, ya aiko kiranmu. Dattijo ne haifaffen Makka, muka tarar da shi a kan dogon bencinsa na ƙofar gida, mahaifin Ɗanjuma yana zaune a ƙasa kusa da shi.

"Ya Haruna, halas, ya isa haka," in ji shi. "Ku ajiye sanduna sai sanyi ya shigo."

"Baba Umda, kafin sanyi jirgi ya kwashe rabin yarana."

"To ka buga da waɗanda suka rage."

"Waɗanda suka rage suna da gida da makaranta da dangi, Baba. Ba don su kaɗai na yanko rassan nan ba. In babu baƙi a ciki, wasan ba shi da amfani."

"Mutumin nan shekara nawa yana tafiya da ɗansa a ƙafa," Umda ya nuna mahaifin Ɗanjuma. "Daji bai cinye yaron ba, teku ba ta cinye shi ba, sai ƙwallon goriba?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Gaskiya Umda ya faɗa. Amma ni na san in aka ajiye sandunan nan ba za a sake ɗaukar su ba, kuma kafin sati ya zagayo za a koma jifa. Sai na ce, "Baba, in an buga bayan sallar asuba fa, a tashi kafin rana ta yi ƙarfi, da ƙanƙara a bakin fili?"

Umda ya dube ni. Sannan ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: in yaro ɗaya ya sake faɗuwa, ko na wace unguwa ne, an gama wasan har abada, kuma shi da kansa zai ƙone sandunan.

A hanyar gida Yaya ya tsaya ya riƙe ni. "Sani, ka san abin da ka faɗa kuwa? Da safe ake rabon ƙanƙara. Yaran nan su ne ƙafafunka."

"Na sani, Yaya. Kai dai ka ji da sanduna."

Ban faɗa don taushin zuciya ba, na riga na yi tunani. Na zagaya masu gahawa ɗaya bayan ɗaya na ce musu ranar wasa ba a kai ƙanƙara ƙofar kowa, a bakin fili ake yanka ta, mai so ya zo ya ɗauka. Na kuma nuna musu ribarsu: wadda aka yanka a gabanka cikakkiya ce, ba ta zube a bayan jaki ba. Wasu suka yi fushi suka koma wajen wani dillali, biyu daga ciki ba su dawo ba har na bar sana'ar. Akwai wani Balarabe mai gahawa, Ammi Siraj, mai faɗa kamar me, ya ce min, "Ya Sani, a tsufana ni zan bi ƙanƙara? Gobe kuma sai ka ce in je in tatso ruwan!" Amma ya zo. Ranar farko ya karɓi tasa ya tsaya yana zagin mai tsaron gidan Jawa. Rana ta biyu ya zo da kujera. Kafin Safar ya kama, yana kawo butar shayi yana sayarwa a wurin, rabin unguwa kuma suna wucewa fili daga masallaci. Wasan da ba mai kallo sai awaki ya zama abin da dattawa ke musu a kansa.

Da sanyin safiya yaranmu suka dawo da ƙarfinsu. Muka doke Jawa, muka doke Bukharawa, muka yi kunnen doki da 'yan Misfala a filinsu. Ya rage wasa ɗaya, mu da su a filinmu, wanda ya ci shi ne gwanin shekara. Bayan kwana kaɗan kuma ayarin su Ɗanjuma zai tashi zuwa Jidda.

Ranar an makara da farawa, don 'yan Misfala sun iso a makare. Suka fara ci, Ɗanjuma ya rama. Ana nan ɗaya da ɗaya rana ta leƙo ta kan dutse, kuma a wancan watan rana ba ta sallama. Umda yana zaune kusa da Ammi Siraj. Ɗanjuma kuwa ya zame wa 'yan Misfala bala'i, sau biyu yana dukan dutsen da muka kafa a matsayin gida. Kowa ya ga ci na tafe.

Sai na ga Yaya ya shiga fili ana tsaka da wasa. Bai yi gudu ba, bai ɗaga murya ba. Ya je ya taɓa wuyan Ɗanjuma da bayan hannu, ya zare sandar daga hannunsa. Masu dakon ƙanƙara sun san alamar: in kowa yana gumi yaro ɗaya ya bushe, saura kaɗan ya faɗi.

"Baba Haruna, lafiyata lau! Wallahi lafiyata lau!"

"Na ji. Zo ka faɗa min a inuwa."

Fili ya kaure. Ammi Siraj ya miƙe yana buga sanda a ƙasa: "Haramun ne, ya Haruna! Ka bar yaron ya gama aikinsa!" Saleh ya baro gidan da yake tsaro a guje yana roƙo da Larabci da Hausa a haɗe. Ni kaina na ce, "Yaya, saura kaɗan fa." Bai ko dube ni ba. Ya zaunar da yaron, ya ɗora masa buhun ƙanƙara a ƙeya, ya tura wani ƙarami ya maye gurbinsa. Kafin a tashi 'yan Misfala suka zura mana na biyu.

Yara suka zube suna kuka. Umda ya miƙe, ya zo ya dubi Ɗanjuma da ke zaune yana huci idonsa biyu, ya dubi Yaya, ya ce, "Baɗi ma da asuba." Ya juya ya tafi abinsa.

Haka aka rufe shekarar, mu ne na biyu. Ɗanjuma ya hau motar Jidda bai yi wa Yaya sallama ba. Na ga abin ya taɓa Yaya, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Da ƙafarsa ya hau."

Ƙungiyar ta ƙara shekaru bayan haka, duk da asuba, har muka sake zama gwanaye sau ɗaya. Babu yaron da ya sake faɗuwa. Ba Umda ne ya kashe ta ba, jirgin sama ne. Alhazai suka koma zuwa su juya cikin 'yan makonni, 'yan hanya suka yi ta raguwa, ƙwallon ƙafa kuma ya ɗauke hankalin na gida. Shekarar da Yaya ya rasa baƙin da za su cika rabin ƙungiya, ya tattara sandunan ya ba wata tsohuwa mai tuya ta hura wuta. Filin yanzu bene ne a kansa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ƙanƙarar da muke lallaɓawa kamar jariri yanzu kowane gida yana yin tasa, ni kaina na daɗe da komawa sayar da firji. Da ya ga samarin nan na talabijin, na san farkon abin da zai faɗa: "Sani, wa ya bar su suna taka abin sha da takalmi?" Bayan ya gama dariya kuma sai ya matso ya ƙura ido, ya tambaya ko waɗanda ke zaune a gefe ana sa su su ma. Abin da zai ɓata masa rai ba a talabijin yake ba, a Mansur yake. Har gobe yaranmu iri biyu ne: masu takarda da makaranta, da waɗanda iyayensu suka zo suka maƙale, suna wuni a bakin titi suna sayar da ruwa. Jifa ya ragu, amma ba don sun shirya ba, don ba sa ko haɗuwa ne.

Shekaru bayan rasuwar Yaya, wani dattijo mai furfura ya shigo kantina a lokacin hajji, Saleh na biye da shi yana murmushi. Ɗanjuma ne. Ya zo da matarsa, kuma ba a masaukin alhazai ya sauka ba, a gidan Saleh ya sauka. Na gaya masa Yaya ya rasu. Ya yi masa addu'a mai tsawo, ya share ido. Sannan ya ce, "Amma Baba Sani, da ya bar ni, da na ci."

"Da ka ci," na ce, "da kuma mun binne ka da la'asar."

"Bayan na ci dai," in ji shi. Saleh ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ba shi kaɗai ba ne. Sun yi ta zuwa, daga Kano, daga Maiduguri, daga Damagaram, tsofaffi da 'ya'yansu, kowa da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a Tandabawi saboda wani da suka taɓa riƙe reshen dabino tare. Yaya bai bar gida ba, bai bar kanti ba, ko kofi babu, don ba mu taɓa yin kofi ba. Waɗannan ƙofofin su ne gadonsa.

Gado kuwa in ba a juya shi ba ƙarewa yake yi, wannan a kasuwa na koya. Akwai wani fili a bayan ɗakin ajiyar kayana da na daɗe ina shirin ginawa. Na fasa. Na sa an share shi an kafa raga, don yaran yanzu ƙwallon ƙafa suka sani, kuma ban ga dalilin yin musu da su ba. 'Ya'yana sun ce wurin ya fi ƙarfin wasan yara. Na ce musu in na mutu su yi shawara, yanzu dai ina nan. Dokar ita ce ta Yaya: rabi da rabi, wanda bai yarda ba ya koma gida. Jikan nan nawa da ya nuna min talabijin ya tura baki da ya ji da su wa zai buga, amma ya zo.

Bayan sallar asuba ake farawa. Ƙanƙara tana bakin fili, ni kuma ina kan kujera kusa da ita. Ba ƙwallon nake kallo ba, wuyan yara nake kallo.